Tankin Mai a Jirgin Sama Ƙirar Gida: Yadda Fetur Ke Isa ga Inji

Gabatarwa

Kano ta daɗe da sanin jirgin sama, domin a nan ne jirage suka fara sauka a Nijeriya, a watan Nuwamba na 1925, lokacin da jirage uku na sojan saman Ingila suka iso daga Masar. Tun daga nan yaran birni ke kwaikwayonsa da karan dawa da gwangwani, wasu kuma suka girma da burin ƙera na gaske. A 2007 Mubarak Muhammad Abdullahi, ɗalibin kimiyyar fiziks a Jami'ar Bayero, ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da injin Honda Civic da tarkacen motoci da babura, har ya ɗaga sama kimanin mita 2. A Kaduna kuwa, kamfanin AIEP ya haɗa wa sojan saman Nijeriya jiragen koyon tuƙi masu suna Air Beetle, waɗanda aka gina a kan zanen RV-6A, jirgin da mutane ke harhaɗawa a gidajensu a Amurka.

Mai sha'awar wannan fanni yakan zuba hankalinsa a kan inji da fiffike, ya ɗauki tanki tamkar jarka. Alhali inji na iya mutuwa a sararin sama da sauran mai a tanki, don kawai man ya kasa isa gare shi. Mai babur idan haka ta same shi sai ya ratse gefen titi. Matuƙin jirgi ba shi da gefen titi. Wannan darasi zai duba abubuwa huɗu da ke yanke wa mai hanya, da gyaran da ake yi wa tanki don maganin kowannensu.

Hanyoyi biyu na kai mai

Idan fiffike yana saman jirgi, tankin da ke cikinsa ya fi inji tudu, sai mai ya gangaro da ƙarfin jan ƙasa, kamar ruwan tankin da aka ɗora a saman bene. Idan kuwa fiffike yana ƙasa, dole a sa famfo, kuma akan sa biyu: ɗaya inji ke juya shi, ɗaya na lantarki don ko-ta-kwana. Jikin ɗan Adam ma haka yake aiki. Jini na da yawa a jiki, amma idan ya daina isa ƙwaƙwalwa na 'yan daƙiƙoƙi, mutum sai ya suma.

1. Rashin mashigar iska

Wanda ya taɓa huda gwangwanin madara ya san dalilin yin ƙofa biyu: ta ɗaya madara ke fita, ta ɗayar iska ke shiga ta maye gurbinta. Tankin da ba shi da mashigar iska, matsin da ke cikinsa raguwa yake yi yayin da mai ke fita, har kwararar ta tsaya. Idan akwai famfo mai ƙarfi, tankin alminiyam na iya lotsewa. Saboda haka ake sa siririn bututu daga saman tanki zuwa waje, bakinsa yana fuskantar gaba domin iskar tafiya ta ƙara ɗan matsi. Ana kuma barin fili da bai gaza kashi 2 cikin 100 na girman tanki ba, domin fetur yana kumbura da zafi. A ƙasarmu wannan bututu na da abokan gaba biyu, wato ƙurar hunturu da zanzaro, wanda ke neman irin wannan rami ya cika shi da laka ya yi wa tsutsarsa ɗaki. Wajibi ne a duba shi kafin kowane tashi.

2. Tangal-tangal ɗin mai

Tankin fiffike faffaɗa ne, ba shi da zurfi. Idan mai ya yi ƙasa kuma jirgi ya karkata ko ya zame gefe, man sai ya gudu ƙurya guda, bakin bututu ya zuƙi iska. Gyara na farko shi ne a raba cikin tanki da bangaye masu ƙananan huji, irin waɗanda ke cikin tankar dakon mai. Na biyu shi ne a sa wa bangon da ke kusa da mafita ƙaramin murfi mai buɗewa ta ɓangare ɗaya, mai ya shiga ya kasa komawa. Ɗalibin ilimin halittu zai gane shi nan take, domin haka bawul ɗin jijiyoyin ƙafa ke hana jini komawa ƙasa. Na uku shi ne ƙaramin tankin jira kusa da inji, wanda manyan tankuna ke cikawa, shi kuma ya ci gaba da ba inji mai a lokacin da suka ɗan yanke. Jirgin da ake wasan juyi da shi kuwa akan sa masa tiyo mai laushi da ƙarfe mai nauyi a bakinsa, duk inda mai ya nufa sai ya bi shi.

3. Tururi a cikin bututu

Fetur ba ya jiran zafi mai yawa kafin ya fara tafasa, kuma yayin da matsi ya ragu tafasar tana zuwa da wuri. Jirgin da ya yini a ranar Afrilu ta Kano, sa'ad da zafi kan kai digiri 40, sannan ya hau sama inda matsin iska ke raguwa, famfo kuma yana zuƙo mai daga nesa, ya tara sharuɗɗa uku ke nan. Kumfar tururi takan tsaya a bututu, famfo ya yi ta juyawa ba ya kama komai. Irin wannan na faruwa ga bishiya a lokacin fari, inda kumfar iska ke toshe jijiyoyin da ke kai ruwa ga ganye. Man mota ya fi man jirgi mai launin shuɗi saurin yin tururi. Maganin shi ne a sa famfo ƙasa, kusa da tanki, ya riƙa turawa maimakon zuƙa. A shimfiɗa bututu ba tare da doron da kumfa za ta maƙale ba. A kuma nisanta shi da salansa.

4. Ruwa da datti

Lita ɗaya ta ruwa kilo 1 ce, ta man jirgi kuwa kimanin kilo 0.72. Don haka raɓar da ta taru a tanki takan kwanta a ƙasa. Ana yi wa tanki ɗan kwari a wurin da ya fi gangare, a sa mazurari, bakin bututu kuma a ɗaga shi kaɗan a rufe shi da rariyar waya. Kafin tashi matuƙi zai tatsi mai a kofi mai haske ya duba.

Gyaran da ya zama ajali

Ba kowane gyara ne alheri ba. A ranar 12 ga Oktoba 1997 mawaƙin Amurka John Denver ya rasu a jirgi ƙirar gida samfurin Long-EZ a gaɓar tekun Kalifoniya. Mai zanen jirgin ya sa makunnin sauya tanki a tsakanin ƙafafun matuƙi, amma wanda ya haɗa shi ya mayar da shi bayan kafaɗar hagu. Masu bincike sun gano cewa man tanki ɗaya ya ƙare, da matuƙi ya juya don ya kai ga makunnin sai jirgi ya ƙwace masa. Duk abin da za a sauya, a tambaya: hannun matuƙi zai kai gare shi cikin gaggawa?

Gwaji kafin tashi

Ƙa'idar da masu ƙera ƙananan jirage ke bi ita ce, a ɗaga hancin jirgi kamar yana hawa, a bar mai kaɗan a tanki, a cire tiyo daga kafireta a auna abin da ke zuba. Tsarin gangare ya ba da kashi 150 cikin 100 na abin da inji ke sha lokacin tashi, na famfo kuma kashi 125. Alal misali, idan inji na shan lita 60 a awa, tsarin gangare sai ya ba da lita 90, wato lita 1.5 a minti.

Aikin aji

(a) A huda gorar roba kusa da gindi, a cika ta da ruwa, a rufe murfi, sannan a sassauta shi. Me ya faru?
(b) A zuba ruwa da man gyaɗa a kwalba. Wanne ya kwanta?
(c) Lita nawa a minti ake buƙata daga famfo ga injin da ke shan lita 48 a awa?

Malamai su lura, kada a shigo da fetur aji. Haka nan a gargaɗi ɗalibai cewa tankin da ya taɓa ɗaukar fetur yana iya fashewa a hannun mai walda ko da babu ɗigo a ciki, domin tururin ne ke kamawa. Wanda burinsa ya kai ga ƙera jirgi kuwa, ya nemi ilimin a inda yake, kamar Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama ta Zariya da aka kafa a 1964, kuma kada ya tashi sai da izinin Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama ta Nijeriya. Allah Ya ba da sa'a.