CIWON BAYA: TAUSA, MATSA ƘASHI DA LOKACIN ZUWA LIKITA

In damina ta kankama, ciwon baya sai ya yawaita. Manomi ya wuni duƙe a gona, mace ta wuni tsakanin rijiya da turmi, da dare kowa yana dafe da ƙugu. Ba mu kaɗai ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2020 mutum miliyan 619 suka yi fama da wannan ciwo.

Yadda baya yake

Ƙashin baya ba sanda guda ba ne. Ƙananan ƙasusuwa ne a jere, ɗaya bisa ɗaya: 7 a wuya, 12 a inda haƙarƙari yake, 5 a ƙugu, sai waɗanda suka haɗe a can ƙasa. A tsakaninsu akwai wani abu mai taushi kamar gammo, mai rage nauyin kaya. Laka ta bi ta cikinsu, daga gare ta jijiyoyi suka fita zuwa hannuwa da ƙafafu. Nama ne yake riƙe da su duka.

Mutane kan ce ƙashinsu ya goce. Sau da yawa ba haka ba ne: naman ne ya gaji ya ɗaure. Irin wannan ciwo yakan yi sauƙi cikin sati 6. Kwanciya ba ta warkar da shi. A huta kwana ɗaya ko biyu, sannan a tashi a riƙa tafiya da ƙaramin aiki, domin naman da ba ya motsi ƙara sandarewa yake yi.

Tausa

Tausa tana kwance naman da ya ɗaure. Mai ciwo ya kwanta rubda ciki bisa tabarma, a sa masa matashi ƙarƙashin mara. A fara ɗora tsumma mai ɗumi. Sannan mai tausa ya shafa man kaɗe ko man gyaɗa, ya riƙa murza naman da ke dama da hagu na ƙashin baya da tafin hannu, a hankali, kamar minti 10. Kada ya danna ƙashin kansa. Kada kuma a hau bayan mutum da ƙafa, balle tsoho wanda ƙashinsa ya yi rauni.

Sabon targaɗe kuwa ba a murza shi a kwana biyun farko. A sa tsumma mai sanyi, a ɗaga ƙafar sama.

Matsa ƙashin baya

A ƙasashen Turawa akwai sana'ar da ake kira kiropraksi. Wani mutum mai suna Daniel David Palmer ya fara ta a garin Davenport na Amurka a 1895. Mai wannan aiki yakan danna gaɓar baya da sauri har ta yi ƙara. Ƙarar ba ƙashi ba ne ya koma wurinsa; iska ce a cikin ruwan gaɓa, kamar in mutum ya ja yatsansa.

Palmer ya ɗauka galibin cututtuka daga gocewar ƙashin baya suke. Bincike bai tabbatar da haka ba. Abin da aka gani shi ne, matsawar takan rage ciwon ƙugu na ɗan lokaci, kusan daidai da motsa jiki. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa tausa da wannan matsawa cikin abin da za a iya yi wa mai daɗaɗɗen ciwon baya, tare da motsa jiki. Amma aikin wanda ya koya ne. Murɗe wuya da ƙarfi yana iya yaga jijiyar da ke kai jini ƙwaƙwalwa, ya jawo shanyewar ɓarin jiki. Ba ya yawan faruwa, amma kada ka miƙa wuyanka ga kowa a kasuwa.

A ƙasarmu, masu gyaran gaɓoɓi da aka horar ana kiran su kine. Ana samun su a manyan asibitoci, kamar na Yamai da Damagaram.

Ciwon da tausa ba ta yi masa

Ɗan uwa, ka tafi likita ba da jinkiri ba in ciwon ya zo bayan faɗuwa daga itace ko amalanke, ko ƙafa ta mutu, ko fitsari da bayan gida suna kuɓucewa. Haka in akwai zazzaɓi, da rama, da zufa cikin dare, ko wani ƙullutu ya fito a tsakiyar baya. Tarin fuka ba huhu kaɗai yake kamawa ba, yana cin ƙashin baya. In aka matsa irin wannan ƙashi, mutum yana iya gurguncewa. In kuwa aka gane shi da wuri, magani yana warkar da shi.

Tiramol da samari ke sha don su jure aiki ɓoye ciwon yake yi, ya bar mutum da jaraba. Kada a sha sai likita ya rubuta.

Wajen ɗaukar kaya, ka lanƙwasa gwiwa, ka jawo kayan kusa da ciki, kada ka murɗa ƙugu da kaya a hannu. Buhun hatsi mai kilo 100 aikin mutum biyu ne.