Darasi na 7: Sayen yis da mazubin sana'a, yadda za mu tsare jarinmu

Manufar darasi

In mun gama wannan zama, kowace mamba za ta iya gane yis mai rai da matacce, ta san inda ya dace ta saya, ta kuma zaɓi gora da ledar da ba za su ɓata mata kaya ba.

Abin da ya faru a rukuninmu

Iyayena da yayyena, bari in fara da abin da na gani da idona. Wata mambarmu, dattijuwa mai masa, ta ɗauki rance daga akwati don ta ƙara jari. Ta jiƙa shinkafa tiya biyu, ta kai inji, ta zuba yis ɗin da ta saya ƙulle a leda wurin wani mai tebur. Da asuba ta buɗe roba, ƙullu yana nan kwance yadda ta bar shi. Ranar Lahadi ce, kasuwar Goronyo na ci. Ta soya haka nan, masa ta fito da tauri, rabi ya dawo gida.

Ran zama ta ce mini: "Ɗiyata, mi na yi ba daidai ba? Yadda na saba haka na yi." Na ce: "Inna, hannunki lafiya lau. Yis ɗin ne ya mutu tun kafin ki saye shi." Abin da ya fi arha cikin kayan haɗinta shi ya cinye mata shinkafa, mai, itace da cinikin ranar, ga kuma rance na jiran biya.

Mene ne yis?

Yis halitta ce mai rai, ƙanƙanuwa ƙwarai. Garin da muke saya busar da shi aka yi, kamar barci yake. In ya samu ɗumi, ruwa da sukari sai ya farka, ya ci sukarin, ya fitar da iska. Iskar nan ce ke tayar da ƙullun masa, fanke, funkaso da alkubus.

Abu uku ke lalata shi: zafi, damshi da iska. Ruwan da ya wuce digiri 55 zuwa 60 kashe shi yake yi. Ku tuna kuma a bazara zafin ƙasar Sakkwato yakan haura digiri 40, to yis ɗin da ya yi kwanaki a leda bisa tebur cikin rana ƙarfinsa ya tafi.

Wata ta tambaye ni: "Malama, an ce da shi aka yin giya?" Gaskiya ne kamfanonin giya na aiki da irinsa, domin in ya ci sukari yana fitar da ɗan sinadarin sa maye tare da iskar. Amma yis da kansa ba ya sa maye, shi ne a burodin da muke ci kullum, kuma ɗan abin da ya fitar a ƙullu zafin wuta na korar mafi yawansa. Ku riƙe wannan bayani, za mu dawo kansa a maganar kunu da zoɓo.

Ina za mu saya?

1. *Mai tebur ko mai shagon gari.* Yana kusa, yana ba da kaɗan. Amma in ya fasa babban ƙunshi ya ƙulla a leda, ba ki san ranar da aka buɗe ba.
2. *Ƙananan ƙunshi na kamfani,* yawanci giram 10 ko 11. In an lissafa bisa giram sun fi tsada, amma a rufe suke, kuma sun dace da mai soya kaɗan.
3. *Babban ƙunshi mai giram 500,* wurin 'yan sari a Babbar Kasuwar Sakkwato. Shi ya fi sauƙin kuɗi. Za ku ga sunaye irin su Saf-instant na kamfanin Faransa da Angel na ƙasar Sin. Ba talla nake wa kowa ba, suna ba ya hana yis mutuwa.

Kafin a biya kuɗi a duba abu uku. Babban ƙunshi ya kasance da tauri kamar bulo, domin an zuƙe iskar cikinsa. In ya yi laushi, iska ta shiga, a bar shi. A duba ranar ƙarewar aiki. A duba lambar NAFDAC. Wadda ba ta karatun boko ta tafi da ɗiyarta ko sakatariya.

Gwajin minti 10

Rabin kofi na ruwa mai ɗumi, wanda yatsa ke jurewa. Ƙaramin cokali ɗaya na sukari, ɗaya na yis. A motsa, a rufe. In bayan minti 10 kumfa ta taso, yana da rai. In shiru, kada ki kusantar da shi ga ƙullunki. Asarar cokali ɗaya ta fi asarar tiya biyu.

Sayen haɗin gwiwa

Giram 500 ya yi wa mace ɗaya yawa, zai mutu kafin ta ƙare shi. Amma in mata 10 suka haɗa kuɗi, kowace ta samu giram 50, kusan ƙananan ƙunshi 5 ke nan. A raba a ranar da aka buɗe, a gaban kowa. Kowace ta zo da busasshiyar kwalba mai marfi. A ajiye a inuwa gefen randa, nesa da murhu, kada cokali mai ruwa ya shiga. A yi ƙoƙarin gamawa cikin sati biyu ko uku. Sakatariya ta rubuta kuɗin kaya da kuɗin mota a littafi, don kada zargi ya shigo.

Gora da leda

Yanzu ga masu kunun zaƙi, kunun aya, zoɓo da lemun citta. Akwai yis na daji a iska, a jikin hatsi, da cikin gorar da ba a wanke da kyau ba. Wanda muke nema a ƙullu shi ne abokin gabarmu a gora. In ya samu sukari da zafi, sai gora ta kumbura, ta yi "fus" in an buɗe, abin sha ya yi tsami ya fara juyawa zuwa abin da ba ma so mu sha, ba ma so mu sayar wa 'ya'yan mutane. Irin wannan zubarwa ake yi, ba a ƙara masa sukari a sake fitarwa.

*Tsohuwar gora:* tana da arha, amma daga ina ta fito? Wadda aka tsinto a bola, tasha ko asibiti tana iya ɗauko taifot ko amai da gudawa. Mu nan ƙasar fadama ce, gorunan maganin feshi sun yi yawa. Wannan ko an wanke sau goma ba ta shiga sana'armu. In dole sai tsohuwa, a karɓa daga gidan da aka sani, wadda ruwa ko lemo kawai ta taɓa ɗauka. A wanke ciki da marfi da sabulu da buroshi, a ɗauraye da ruwa mai tsabta, a kife ta bushe.

*Sabuwar gora mai marfi:* ta fi tsada, amma in rukuni ya sara da yawa farashi na sauka, kuma masu shago da ma'aikata sun fi yarda da ita.

*Farar leda:* ta dace da zoɓon yara na ƙaramin kuɗi. Kada a hura ta da baki don a buɗe.

A bar abin sha ya huce kafin a ɗura, zafi na lanƙwasa roba. A bar ɗan fili a wuyan gora. In babu ƙanƙara, a yi daidai cinikin yini ɗaya. Masa da fanke kuwa, kada a naɗe su a jarida, takardar siminti ko baƙar leda; roba mai marfi da farar takarda sun fi.

Aikin rukuni

1. Kowace ta kawo yis ɗin da take aiki da shi zama mai zuwa, mu gwada tare.
2. Mutum biyu su tambayo farashin yau: ƙaramin ƙunshi, babban ƙunshi, da gora 100.
3. Kowace ta lissafa nawa mazubi ke ci a kowace gora da ta sayar. Kin sa shi cikin farashinki?
4. Mu yanke shawara: wa za mu aika sari, kuma wa zai riƙe lissafi?

Innar nan tamu ta biya rancenta, ko da yake sai da rukuni ya ƙara mata sati biyu. Yanzu ita ce ke fara tambaya in an kawo sabon ƙunshi: "Kun gwada shi?" Allah ya sa albarka a nemanmu.