Darasi: Hanyar Ruwa a Tafkin Kifi na Bayan Gida

'Yan'uwa manoma, sau da yawa kifi yakan mutu mana muna zaton cuta ce, alhali ruwan ne ya lalace. Kashin kifi da ragowar abinci sukan sauka ƙasa su ruɓe. Wani dafi mai suna amoniya yakan taru, iskar da ke cikin ruwa kuma ta ragu. Tarwaɗa takan leƙo sama ta haɗiyi iska, saboda haka tana ɗan jurewa. Karfasa ba ta iya wannan ba.

Ga abin da za mu riƙe: ƙazanta a ƙasa take kwana. Don haka ruwa mai kyau ya shiga ta sama, gurɓataccen ya fita ta ƙasa.

1. Gindin tafki. Kada mu yi shi a baje. Ya gangara wajen mafita, misalin inci 1 a kowace ƙafa 8, domin ƙazanta ta taru wuri ɗaya.

2. Mashiga. Bututun ya tsaya ƙafa 1 bisa ruwa. Faɗuwar ruwa tana ƙara masa iska. Mu ɗaure bakinsa da raga, kada ƙwan kwaɗi da baƙin kifi su shigo.

3. Mafita. Ta kasance a ɗaya gefen, a wuri mafi zurfi, ta kuma fi mashiga faɗi. In mashiga inci 2 ce, mafita ta zama inci 3. Mu sa mata raga a ciki. A waje mu sa gwiwa da bututu a tsaye. Tsawon bututun nan shi ne iyakar ruwan tafki. In mun karkata shi, ruwan ƙasa ne zai fara fita.

4. Matata. Inda ruwa ke wuya da rani, ruwan mafita ya bi ta duro biyu kafin ƙaramin injin ya mayar da shi tafki. Duro na fari ba kome a ciki. Nan laka take kwantawa, mu kuwa mu zubar da ita kowace safiya. Na biyu cike yake da wankakkiyar tsakuwa. A jikinta waɗansu ƙananan halittu da ido ba ya gani suke zama, su ne suke karya dafin nan. Sukan ɗauki mako 4 zuwa 6 kafin su yi yawa, saboda haka mu fara da kifi kaɗan. Mu wanke tsakuwar da ruwan tafki kawai. Sabulu da ruwan famfo mai magani suna kashe su. Duron da ya taɓa ɗaukar maganin ƙwari, kada mu yi aiki da shi ko kaɗan.

Da asuba ne iskar ruwa ta fi ƙaranci. In mun tarar kifi sun taru a sama suna buɗe baki, mu hana su abinci ran nan, mu sake kashi ɗaya cikin uku na ruwan. Ruwan da muka fitar taki ne, sai mu kai shi lambu.

Allah ya ba mu amanar halittarsa. Bari mu kula da ita da aminci.

Tambayoyi don taron ƙungiya:
1. A tafkinmu, ta ina ruwa yake fita?
2. Wa zai riƙa duba kifi da asuba?
3. In inji ya tsaya, me za mu yi?