Ɗaukar Injunan Noma A Kan Tsohuwar Tirela

Da ruwan kogi ya fara ja da baya a fadamun Miga, aiki biyu su ke haɗuwa, watau girbin shinkafa da gyaran ƙasa don alkama, wadda a ke so a gama shukarta kafin tsakiyar Disamba. To, injin girbi da tantan yawanci na haya ne, a mota a ke kawo su daga nesa. Kadan motar ta makara ko ta kife, ba mai inji kaɗai ya yi hasara ba. Shinkafa ta zube a gona, alkama kuma ta rasa sanyin da ta ke bukata.

Yadda Sufuri Ya Sake

A 1930 aka gama dogon jirgi daga Kano zuwa Nguru, ya bi ta Ringim da Malam Madori. A lokacin jakuna da raƙuma ke kai gyaɗa tasha. Daga baya manyan motoci masu bodin katako, irin su Bedford da Austin, suka karɓe aikin. A 1972 Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama, sa'an nan aka kafa ma'aikatun harhaɗa manyan motoci, kamar Steyr a Bauchi da Fiat a Kano. Dam ɗin Tiga na 1974 da na Challawa na 1992 suka faɗaɗa noman rani a kwarin kogin Haɗeja, kaya kuma ya tashi daga buhu kaɗai ya haɗa da injuna.

Yau kawunan mota irin su DAF da Mack da Howo ke jan kaya. Amma mai mota ya kan sake kai ya bar tsohuwar tirela, gama ita ba ta da injin da zai mutu. Sabon kai yana da ƙarfi ƙwarai, direba ba ya jin nauyin abin da ya ke ja, alhali birkin baya da sifirin da dakalin duk sun tsufa. Nan haɗarin ya ke.

Nauyi Iri Biyu

Buhu goma masu kilo 100 su ne ton ɗaya. Tantan matsakaiciya ta kan yi wajen ton uku, watau buhu talatin. Mutum zai ce ai wannan ba kaya ba ne wurin tirela. Amma buhuna kwanciya su ke yi a dakali duka, kowane katako ya ɗauki rabonsa. Tantan kuwa a kan ƙafa huɗu ta ke tsaye, nauyin duk ya taru a wuri huɗu. Katako ɗaya da ya ruɓe ya isa ƙafa ta burma.

Na biyu, buhu ba ya gangarawa, inji kuwa yana da ƙafa. Na uku, nauyin inji a sama ya ke, saboda haka a kan kwana ko hanya mai karkata ya kan rinjayi mota. Don wannan ne katafila da injin haƙa, wanda kan kai ton ashirin, ba a ɗora su sai a kan tirela mai kwanciya ƙasa, wadda masu mota ke kira lobed.

Abin Dubawa Kafin Lodi

1. A leƙa ƙarƙashi a duba ƙarfen gado. Tsatsa mai ɓarewa da tsagewa kusa da tsohuwar walda, duk alamun gajiya ne.
2. A duba fil ɗin da ke haɗa kai da tirela, a tabbata ya kulle, ba ya wasa.
3. A tara iska, a kashe mota, a taka birki a saurara. Kadan ana jin huci, iska na zurarewa. A kuma zubar da ruwan da ke tankin iska.
4. A karanta shekarun taya. Akwai lamba huɗu a gefenta: 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Tsohuwar taya mai tsagewa fashewa ta ke yi ko da zanenta bai suɗe ba.

Lodi Da Ɗauri

A yi lodi a wuri mai tauri, shimfiɗaɗɗe, a sa wa ƙafafun mota waigi. Tantan na da fedar birki biyu, a kulle su tare, a hau da giyar ƙarfi, kowa ya kauce daga gefe. In ta hau, a sauke garma ta zauna a dakali, a ja birkin hannu.

Igiyar da a ke ɗaure buhu da ita ba ta riƙe inji. Sarƙa huɗu a ke so, ɗaya a kowace kusurwa, biyu na ja gaba, biyu na ja baya. Bayan an yi 'yan mil kaɗan a tsaya a ƙara tamke su, gama kaya ya kan zauna sarƙa ta saki. Kada yaron mota ko ɗan ƙauye ya hau kan inji ana tafiya.

Hanyar Fadama

Kwalta ba ta kai kowace gona. Bayan ambaliya irin ta 2022, kwalbati ta kan zama sama lafiya, ƙasa kuwa ruwa ya rarake. Wajibi ne wani ya bi hanyar a babur tukuna, ya duba kwalbatoci da wayoyin lantarki da suka yi ƙasa. Inda aka yi shakka, gara a sauke inji a tudu ya ƙarasa da ƙafarsa. Direba kuma ya tuna, in ya ninka gudu sau biyu, nisan da zai ci kafin ya tsaya ya ninka sau huɗu. Sauri ya kan haifi nawa. Hukumar Kiyaye Haɗura, wadda aka kafa a 1988, tana da ikon tsare motar da kayanta bai ɗauru ba.

Sharaɗi

Manoman da suka haɗa kuɗi su ɗauko inji, lalle su sa malami ya rubuta takarda gaban shaidu. A faɗi ranar isowa, da wurin saukewa, da kuɗin kaiwa da komowa, da wanda zai biya in inji ya lalace a hanya. Mota mai araha wadda birkinta ba ya kamawa ita ce ta fi tsada, domin ladan sufuri na yini ɗaya ne, amfanin gona kuwa na shekara ne.

Mako mai zuwa za a yi bayanin yadda a ke shanya shinkafa bayan girbin inji.