Filin Shawarwari: Ɗan'uwan Marigayi Ya Zauna a Gidan Marayu Ba Ya Biyan Haya



Ni mazauniyar Kura ce. Maigidana ya rasu, Allah ya jiƙansa, ya bar ni da yara huɗu. Da aka raba gado, rabon yaran ya faɗa kan wani kango da ya fara ginawa a bayan gari, ba nisa da kanal. Na sayar da 'yar gonar da ta zo mini a tumunin takaba, na ƙarasa ɗaki huɗu da shago ɗaya, na zuba 'yan haya, da niyyar abin da ya shigo ya riƙe mana kuɗin makaranta da cefane. Ban taɓa ba da haya ba, kuma ban rubuta komai da kowa ba.

Malamin makarantar da ke ɗaki ɗaya yana biya, haka ma mai shagon taki da maganin feshi. Damuwata ɗan baffan marigayi ne, manomin tumatir. Da zai shiga ya ce in tumatir ya fita zai biya na shekara. Tumatir ya fita, ya ce kasuwa ta karye a Kwanar Gafan, in jira shinkafa. An yanke shinkafa, shiru. Yanzu muna cikin shekara ta biyu. In na aika babban ɗana sai ya ce masa, "Ai gidan ɗan'uwana ne." Wani ɗan hayar kuma ya cika ɗakinsa da buhunan shanshera, matarsa tana guma shinkafa a tsakar gida, ruwa yana kwanciya, ɓeraye sun yi yawa. Ga ƙasan bango ya yi fari kamar an barbaɗa gishiri, filasta tana zubowa, masai kuma ya cika tun ba a je ko'ina ba.

Ƙanina ya ce in bari ya je ya cire wa ɗan baffan marigayin ƙofa ko ya ɗaye kwanon ɗakin. Surukata kuma ta ce in na kai shi ƙara na raba zumunci. Anti, na rasa inda zan sa kaina.

Taki, Uwar Marayu, daga Kura.

Sannu, 'yar'uwa. Allah ya jiƙan maigidanki, ya raya muku yaran nan. Kin yi ƙoƙarin da maza da yawa ba su yi ba, kuma ban ga laifi a niyyarki ba.

Zan fara da abin da ya fi tsaya mini a rai. Kuɗin da ɗan baffan marigayi ya riƙe ba naki ba ne, balle ki yafe shi don kunya. Na marayu ne. Da ɗakinki ne, da sai in ce in kin ga dama ki bar masa sadaka, Allah ya ba ki lada. Amma dukiyar maraya amana ce a hannun mai riƙe da ita, kuma duk wanda ya zauna gaban malami ya san irin gargaɗin da aka yi wa mai cin ta. Maganar da yake yi cewa gidan ɗan'uwansa ne ta wuce tun ranar da aka raba gado. Gidan 'ya'yan ɗan'uwansa ne, waɗanda shi ya kamata ya riƙa leƙowa da kwanon shinkafa, ba su ne za su ɗauki nauyin makwancinsa ba.

Wannan ita ce maganar da za ki kai wa surukarki, cikin ladabi, ke da ita a ɗaki. Ki ce, "Inna, ba ni nake bin sa ba, jikokinki ne." Ina kyautata zaton in ta ji ta haka za ta sake tunani, domin mai cewa kada a raba zumunci ba ta nufin a bar jikokinta ba kuɗin makaranta.

Akwai wani abu da mata da yawa ba su sani ba. A mazhabarmu ta Malikiyya, uwa ba ta zama mai kula da dukiyar marayu kai tsaye, sai in uban ya bar mata wasiyya ko alƙali ya naɗa ta. In ba a yi haka ba lokacin rabon gado, ki je kotun shari'ar Musulunci a tabbatar miki a rubuce. Ki kuma sa a rubuta kuɗin gonarki da kika zuba a ginin, ko bashi ne kika ba yaran ko kyauta. Yau ƙanana ne, gobe za su yi aure, bakuna su yi yawa.

Shawarar ƙaninki kuwa, kada ki kuskura. Cire ƙofa, ɗaye kwano, sa kwaɗo ko watso kaya waje, duk doka ta hana mai gida yin su, ko da shekara nawa ake bin ɗan haya. Ranar da aka yi haka kin tashi daga mai gaskiya kin koma wadda ake ƙara. A yawancin dokokin haya na jihohin Najeriya, in ba a yi wata yarjejeniya ba, ɗan hayar wata ana ba shi notis na wata guda, na shekara kuma wata shida, sannan a ƙara masa na kwana 7, daga nan sai kotu ta ba da umarnin fita. Amma kafin a kai can, ki bi matakan gida: babba a dangin marigayi, sai mai unguwa ko dagaci, sai ofishin Hisbah da ke yin sulhu. A zauna da ɗan baffan marigayin gaban shaidu, a lissafa abin da ake bin sa, ya sa hannu, a yanka masa wa'adi.

Wa'adin nan shi ne inda nake so ki yi amfani da sanin garinku. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974 aka fara sako ruwa ta kanal zuwa Kadawa, Kura, Bunkure da Garun Malam, kuɗi a yankin nan yana bin amfanin gona ne, ba ƙarshen wata ba. Manomi yana ganin kuɗi sau biyu ko uku a shekara: in an yanke shinkafar damina wajen Oktoba da Nuwamba, in tumatir da albasa sun fito cikin sanyi zuwa farkon zafi, sai kuma alkama ko shinkafar rani. Tsakanin haka komai yana cikin taki, iri, feshi da kuɗin 'yan ƙwadago. Ba kuma duk uzurin ɗan baffan marigayin ne ƙarya ba. Tumatir kayan gwari ne, in ya yi yawa kwando yakan faɗi har ya kasa mayar da kuɗin ɗauko shi, kuma ba a manta 2016 ba, shekarar da tsutsar da manoma ke kira sharon ta cinye gonaki a Kadawa. Amma wanda ya faɗi a tumatir ya kuma yanke shinkafa bai kawo ko rabi ba, wannan ba rashi ne ya hana shi ba, ya ga ba a matsa ba ne.

Saboda haka ki ɗaura biyansa da lokacin girbi, ki kuma je a makon da ake auna buhu, ba bayan wata guda ba, don kuɗin manomi ba ya kwana. In ya ce ba tsabar kuɗi, ki karɓi buhun shanshera a farashin kasuwar ranar, gaban shaida. A Kura ba a rasa mai sayen shinkafa. Duk manomi ko ɗan ci-ranin da zai shigo nan gaba, ya biya kafin ya shiga. Malamin makaranta kuma ki bar shi a kan wata-wata, tunda albashi yake ɗauka.

Sauran 'yan hayar ma a rubuta da kowa, har masu biya a kan kari. Takarda ɗaya ta isa, da Hausa: sunansa, wane ɗaki, nawa, yaushe, mutum nawa za su zauna, wa zai biya wuta da kwashe masai, da cewa ɗakin na kwana ne. Shaidu biyu su sa hannu. Ki sayi littafin rasit, ko Naira 1,000 aka kawo a rubuta. Mai shanshera ki ba shi zaɓi, ko ya nemi sito ko a yi sabuwar magana. Gumi dai a fitar da shi daga tsakar gida, domin ruwan yana ƙara wa bangonki ciwo. Ki faɗa wa matar da taushi, sana'arta ce.

Batun bango ba laifin 'yan haya ba ne duka. Shekara kusan hamsin ana ban-ruwa a yankin, ruwan ƙasa ya matso sama, musamman kusa da kanal. Shi ne yake hawa cikin bulo ya bar farin gishirin da kike gani, shi ne kuma yake cika masai da wuri. Shafa fenti a kai asarar kuɗi ce. Ki nemi birkilan da ya saba aiki a unguwar ya kankare filastar ƙasa, a bar ta ta bushe da rani, a sake ta da siminti mai ƙarfi, a yi daɓe a kewayen gini, a fitar da magudana. Irin wannan babban gyara a kan mai gida yake, don haka duk kuɗin da ya shigo ki cire wani kaso ki ajiye masa tun kafin a taɓa.

In an yi zaman sulhu wa'adi ya cika ɗan baffan marigayin bai biya ba, ki kai shi gaban alƙali, kada ki ji nauyin kowa. Ki fara da zuwa wajen surukarki a wannan makon, kafin a kwashe amfanin gonar da ke tafe. Allah ya ba ki sa'a, ki kuma rubuto mana yadda aka ƙare.