Aikin Hannun Yara

Ku dubi yaranmu a bakin Kwara. Suna ɗibar laka, suna gina shanu da jirage. Wani uba in ya gani sai ya tattake, wai ɓata lokaci ne. Kada ku yi haka.

Kafin ruwan Kainji ya cika a 1968, masana sun tona wani tudu kusa da Yelwa. Sun sami 'yan siffofin yumɓu, sun shekara fiye da 1,000. Irinsu gidan tarihi a kan kai su, jama'a su yi kallo. A Turai har zanen yara a kan rataya.

Gobe kowa ya kawo aikin ɗansa aji. Za mu jera su, kowa ya rubuta sunan ɗansa da hannunsa.