Kafin ka ce Feshitta ta saɓa wa Ibrananci

Ɗalibin da ya ɗan yi nisa a Ibrananci, ko a makarantar tauhidi ko a sashen nazarin addinai na jami'a, zai riƙa cin karo da harafin S a ƙasan shafukan bugun Stuttgart na Tsohon Alkawari. Feshitta ake nufi, wato fassarar Suryaniyanci. Akasarin masana sun tafi a kan cewa kai tsaye daga Ibrananci aka yi ta a wajajen ƙarni na 2 miladiyya, wataƙila a Edessa, garin da yau ake kira Urfa a kudancin Turkiyya. Kundin Leningrad, wanda bugun Stuttgart ya dogara a kansa, an rubuta shi ne a kusan 1008. Ka ga ke nan mai fassarar ya riƙe kwafin Ibrananci da ya girmi namu da shekara ɗari takwas. Wannan ne ke jan ɗalibai, kuma nan ne suke tuntuɓe, don da zarar sun ga Suryaniyanci ya bambanta sai su ce sun gano asalin da ya ɓace.

Harshen za ka fara koya, babu hanyar ratse. In kana da Larabci ka ci rabin tafiya. Baƙaƙe 22 ne, daga dama zuwa hagu, yawancinsu suna haɗuwa da juna, kalmomi kuma suna tsirowa daga tushe mai baƙi uku kamar yadda ka saba a sarfu. Wahalar farko ita ce salon rubutu uku ne: Estirangela, wanda shi ne tsoho, sai Serto na cocin yamma, sai na cocin gabas. Ka fara da Estirangela, domin da shi aka rubuta tsofaffin kwafi, kuma ba su da wasali sai 'yan ɗige-ɗige. Littafin koyo na Thackston na 1999 da shi yake koyarwa. Nahawun Nöldeke na dubawa ne idan jimla ta cije, ba na haddacewa ba. Ƙamus ɗin Jessie Payne Smith na 1903 ya ishe ka shekaru, kuma ana samunsa kyauta a intanet. Abin da kawai zan ja maka kunne a kai shi ne kada Larabcinka ya yi maka hanzari. Tushe ɗaya yakan ɗauki ma'ana daban a harsunan biyu, don haka ka buɗe ƙamus ko da ka ji kamar ka san kalmar.

Sai batun wane bugu za ka riƙe, kuma nan zan ɗan tsaya. Wanda ya fi yawo a hannun mutane shi ne na Samuel Lee, da aka buga a Landan a 1823. Lee ya gina aikinsa a kan manyan bugun nan masu harsuna da yawa na Faris (1645) da Landan (1657), su kuwa daga kwafi na baya-bayan nan suka ɗauko nassin. Akwai kuma bugun Urmiya na 1852 da na Mosul na 1887 zuwa 1891, masu wasali, masu daɗin karatu ga mai koyo. Ka yi atisaye da su, amma kada ka kafa hujjar bincike a kansu. Bugun bincike shi ne na Cibiyar Feshitta da aka kafa a Leiden ta ƙasar Holan a 1959, wanda kamfanin Brill ke fitarwa kashi-kashi. Jikin nassinsa kundi ne da ke ɗakin karatu na Ambrosiana a Milan, wanda ake yi wa laƙabi da 7a1. Lambar farko ƙarnin da aka rubuta kwafin take nunawa, harafin kuma irin abin da ya ƙunsa. Da ka gane wannan, ƙasan shafi ya daina ba ka tsoro.

Kuma fa dole ka karanta ƙasan shafin. 7a1 ba shi ne Feshitta ta ranar farko ba. A ɗakin karatu na Birtaniya akwai kwafin da ake kira 5b1, mai ɗauke da huɗu daga littattafan Attaura, wanda marubucinsa ya sa kwanan wata daidai da shekarar 463 zuwa 464. Yana cikin tarin da aka kwaso a ƙarni na 19 daga gidan sufayen Suryaniyawa da ke Wadi Natrun a Masar, inda bushewar hamada ta kare fatun. Koster, a nazarinsa na Littafin Fitowa na 1977, ya nuna cewa wannan tsohon kwafi ya fi kusa da Ibrananci, kuma masu kwafe-kwafe na baya ne suka riƙa gyara jimloli don su yi laushi a kunne. Saboda haka bambanci da yawa da za ka gani ba daga mai fassara suka fito ba, daga hannun magatakarda ne bayan ƙarnuka.

In ka tabbatar bambancin tsoho ne, sai ka tambayi halin mai fassarar littafin da ke gabanka, domin ba mutum ɗaya ya yi aikin duka ba. Wanda ya fassara Littafin Ayuba yana bin Ibrananci kusa-kusa. Na Littattafan Tarihi kuwa yakan faɗaɗa, ya ƙara bayani, ya tsallake wuri. Dukansu suna ƙara sunan mai magana inda Ibrananci ya bar shi, suna sauya sunan wuri da wanda jama'arsu ta sani. A Farawa 8:4, inda Ibrananci ya ce jirgin Nuhu ya tsaya a duwatsun Ararat, Feshitta ta ce Ƙardu, kamar yadda fassarar Aramiyanci ta Onkelos ta yi. Ba wani kwafi daban mai fassarar ya gani ba, al'adar yankinsa ya bi. A yankin Ƙardu ɗin nan ne, kusa da garin Cizre na yau, dutsen Judi yake, sunan da mai karatun Suratu Hud ya sani.

Bayan haka ka duba fassarar Girkanci, wato Septuwajinta. A Farawa 2:2 Ibranancin da muke da shi ya ce a rana ta bakwai aka kammala aikin halitta, Feshitta da Septuwajinta da Attaurar Samariyawa suka ce ta shida. A Farawa 4:8 su ukun suna da maganar da Kayinu ya gayyaci ɗan'uwansa fita waje, wadda babu ita a Ibranancinmu. A irin wannan wuri zancen wani tsohon kwafi yana da ƙarfi, musamman da yake na Samariyawa shi ma Ibrananci ne. Amma inda Feshitta da Septuwajinta kaɗai suka haɗu, ka yi hattara. Shaidu biyu da suka kwana ɗaki ɗaya, alƙali yakan lissafa su ɗaya. Weitzman, a littafinsa na 1999 wanda ya kamata ka karanta daga bango zuwa bango, ya nuna cewa wasu masu fassarar sukan leƙa Girkanci idan Ibrananci ya yi musu tsauri. Sai duk waɗannan ƙofofi sun rufu sannan ka rubuta cewa wataƙila Ibranancinsa daban ne, kuma ka bar "wataƙila" ɗin a wurinta.

Abu biyu kada ka ruɗe da su. Fassarar da Bulus na Tella ya yi kusa da Iskandariyya a 616 zuwa 617 Suryaniyanci ce, amma daga Girkanci aka yi ta, don haka shaida take bayarwa a kan Septuwajinta. Fassarar Turanci ta George Lamsa kuma, wadda ta cika intanet, masana ba sa dogaro da ita, kai ma kada ka kawo ta a takardar bincike.

A aikace, ka ɗauki ƙaramin littafi, Rut ko Yunusa, masu sura huɗu-huɗu. Ka ja layi a littafin rubutu, Ibrananci da Suryaniyanci da Girkanci gefe da gefe, ka rubuta kowane bambanci har da harafin haɗi guda. Bugun Leiden yana da tsada, amma shafin Comprehensive Aramaic Lexicon yana ba da nassin kyauta tare da tushen kowace kalma, ɗakin karatu na Hill da ke Minesota kuma ya sa hotunan dubban kwafi a intanet ga duk wanda ya yi rajista. In ka gama littafi ɗaya, ka koma kan tsofaffin marubutan Suryaniyanci biyu, Afrahat, wanda ya yi rubutu tsakanin 337 da 345, da Ifraimu da ya rasu a 373. Ayoyin da suka kawo sun girmi kowane kwafin Feshitta da ya rage, sai dai sukan kawo aya da ka, saboda haka ka nemi inda marubucin ya maimaita ta sau biyu da lafazi ɗaya kafin ka sa ta a lissafi.